Yadda ake zaɓen fenti ruwan toka don cikin gida

Ruwan toka ya shiga gari. A Kaduna, daga Malali har Rigasa, sabon falon da ka leƙa shi za ka tarar a bango. Sai dai da yawa suna ƙarewa da ɗaki kamar wanda aka yi wa filasta kuɗi ya ƙare, saboda a shago suka zaɓi launin, daga ɗan katin kala ko hoton waya.

Da farko, dubi tayil ɗinka da kujeru, tunda su ba za ka sauya su ba. Kowane ruwan toka yana da sirki a ciki: wani shuɗi, wani kore, wani shunayya, wani ruwan ƙasa. Ɗora katin a kan farar takarda, sirkin zai fito. In tayil ɗin ruwan madara ne ko ruwan ƙasa, kamar yawancin gidajenmu, ɗauki mai sirkin ruwan ƙasa. Ni ma shi nake ba kowa shawara a Kaduna, domin jar ƙurar hunturu tana sajewa da shi, a kan mai sirkin shuɗi kuwa tun daga ƙofa ake hango ta.

Sai gwaji, kuma nan ne na taɓa yin asara. Na sayi bokiti uku lokaci guda saboda launin ya burge ni a shago. Da aka shafa a falona mai taga ta yamma, da safe lafiya lau, amma daga La'asar sai bangon ya koma shunayya-shunayya, ya ƙi jituwa da tayil sam. Dole aka sake, kuɗin fenti da na aiki duk sau biyu.

Don haka sayi mafi ƙanƙantar gwangwani na launi biyu ko uku. Ko galan mai lita 4 ne kawai ake da shi, ya fi asarar bokiti mai lita 20. Shafa kowanne kamar faɗin dardumar salla, shafi biyu, a bangon da ke fuskantar taga da kuma wanda tagar take jikinsa. Bar shi ya bushe sarai, domin launin jiƙaƙƙen fenti daban ne da na busasshe. Duba shi da hantsi, da Azahar, da La'asar sakaliya. Da dare ka kunna ƙwan da za ka riƙa amfani da shi: farin ƙwai mai 6500K a kwalinsa yana tura ruwan toka wajen shuɗi, mai 3000K kuma yana tura shi wajen ruwan ƙasa. Duba har da fitilar caji, tunda ba kullum ake da wuta ba. Kwana biyu za ka yi kana wannan. Kira uwargida ta gani, ita ce ke wuni a ɗakin.

In ka rasa na ɗauka tsakanin biyu, ɗauki mai hasken. Launi yana ƙara duhu idan ya cika bango huɗu.

Kada ka yarda mai fenti ya ce zai haɗa maka da farin fenti da baƙin kala a tsakar gida. Ya fi araha, gaskiya, amma bokiti na biyu ba zai zo daidai da na farko ba. Sa a haɗa a kamfani, ka rubuta lambar launin ka adana. In dole sai haɗin hannu, a juye duka a duro ɗaya.

Sabuwar filasta a ba ta kamar mako huɗu ta bushe, bangon da ke tsatstsafo da damina a gyara shi tukuna. Falo da baranda a sa satin, mai goguwa da jiƙaƙƙen tsumma. Silin fari. Ragowar rabin galan a rufe shi da kyau don taɓe-taɓen hannun yara.