Yadda na daidaita vfs.rst da kernel 6.5

Alhamdulillahi, na huta. Kwafin vfs.rst (takardar bayanin tsarin fayiloli na kernel, wato zuciyar Linux) da ke reshenmu na git yana nuna iterate, aikin karanta directory, a cikin struct file_operations (jerin ayyukan da ake yi kan fayil), amma module ɗina (ƙarin lamba da ake loda wa kernel) mai amfani da iterate ya ƙi haɗuwa a Linux 6.5. Na zargi gcc, manhajar da ke haɗa lambar, na yi make clean don share tsohon haɗi, shiru.

Da na buɗe include/linux/fs.h sai na ga babu iterate, iterate_shared kaɗai ya rage. Umarnin git log -S'(*iterate)' -- include/linux/fs.h ya fito da commit ɗin da ya cire shi.

Na goge layin iterate a vfs.rst da locking.rst (takardar bayanin makullai), na rubuta cewa ana kiran iterate_shared da makullin inode (bayanan fayil a kernel) na tarayya, wanda masu karatu da yawa ke iya riƙewa tare. Wannan ne muhimmi, domin masu karanta directory ɗaya na iya shigowa lokaci guda. Sannan na yi make htmldocs SPHINXDIRS=filesystems don mayar da takardun zuwa HTML, shafin ya fito daidai.