Yadda ake ajiye wa hamingbad ruwan suga, da yadda za ka gane dalilin da suke yawa wata rana su ragu

Wannan na ƴan uwa ne mazauna Amurka da Kanada, musamman masu ɗan fili a bayan gida ko baranda. Hamingbad ɗan mitsitsin tsuntsu ne mai dogon baki, yana tsayawa cak a iska yana zuƙar ruwan fure, kuma a nahiyar Amurka kaɗai Allah Ya ajiye shi. Wanda ake gani a gabashin ƙasar, irin su Maryland da Atlanta da New York, shi ne mai jan maƙogwaro, nauyinsa giram 3 ne ko ɗan sama da haka. Mutane da yawa suna rataya fida, wato ƴar kwalbar da ake zuba musu ruwan suga su sha, da murna, bayan sati biyu ka ji suna cewa tsuntsayen sun gudu ko ruwan ne bai yi ba, alhali tafiya ce irin tasu kuma tana da lokaci.

To da farko haɗin ruwan. Farin suga na shayi kofi 1, ruwa kofi 4, a juya har ya narke, in an dafa a bari ya huce. Shi kenan fa. Na san mu da zuma, amma don Allah kar a saka musu, tana saurin tsami kuma tana haifar da wani funfuna da ke kama musu harshe har ya kashe su. Haka suga mai launin ƙasa, haka jar kalar nan da ake sayarwa a kwalba, jan da ke jikin fidar ya isa ya jawo su.

Sai wurin ratayewa, a nemi inuwa, kusa da itace ko shuka inda za su sauka su huta, kuma inda kyanwa ba za ta iya dirka ba. In da hali a sayi fida biyu ƙanana maimakon babba ɗaya, ɗaya gaban gida ɗaya baya yadda ba sa hango juna, domin namijin masifaffe ne na gaske, shi kaɗai zai kame fida ya yi ta korar kowa, kai kana cewa tsuntsu ɗaya ke zuwa gidanka alhali sauran yana hana su ne.

Wanki shi ne inda yawancin mutane ke faɗuwa, kuma shi na fi damuwa da shi. In zafi ya kai digiri 32 a ma'aunin Selsiyos a canza ruwan kullum ko bayan kwana biyu, in da sanyi-sanyi zai iya kai kwana huɗu. Da ka ga ruwan ya yi gurɓi ko baƙin ɗigo a ciki, zubar, a wanke da ruwan zafi da ɗan buroshi. Kar a cika kwalbar, a zuba iya abin da za su shanye. Wanda ya san ba zai iya wannan hidimar ba wallahi gara ya shuka fure kawai ya bar fidar. Tururuwa kuma akwai ɗan kofin ruwa da ake maƙalawa sama da fidar ya tare su, kar a shafa mai ko maganin ƙwari.

Yanzu maganar lokaci. Suna yin hunturu a kudancin Meziko da Amurka ta Tsakiya, sai su fara isowa gaɓar Texas da Louisiana daga ƙarshen Fabrairu zuwa Maris, su yi ta hawowa arewa suna bin fure har su kai Kanada a Mayu. Maza ne ke riga zuwa, mata su biyo baya. Saboda haka na kudu ya rataya a Maris, na tsakiya a Afrilu, na can arewa farkon Mayu, kuma gara ka riga su da kamar sati ɗaya.

Za ka ga sun zo, sai wajen ƙarshen Mayu zuwa Yuni wurin ya yi tsit. Kar ka sauke. Wasu masu wucewa ne dama sun yi gaba, matan kuma suna kan sheƙa, ƙwai biyu take yi, ta kwanta a kai kusan sati biyu, ƴaƴan su yi kamar sati uku kafin su tashi, kuma ita kaɗai take ciyar da su, mafi yawa da ƙananan ƙwari da gizo-gizo domin ruwan suga ba ya gina jiki. Ga kuma fure ko'ina a lokacin, to me zai kawo ta fidarka kowane minti. Shi ya sa feshin maganin ƙwari a gida yake cutar da su sosai.

Daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba kuwa sai a shirya suga. Ƴaƴa sun tashi, na arewa sun fara gangarowa, kowa na neman tara kitse, wasu har su kusa ninka nauyinsu domin da yawansu tsallaka Tekun Meziko suke yi, kusan kilomita 800 ba wurin sauka, tafiyar wajen awa 20. Subhanallah, abu mai giram 3. A garin Rockport na Texas har biki ake yi musu duk Satumba saboda yadda suke taruwa a gaɓar. Wanda ka gani yau ba lalle shi ne na jiya ba, suna wucewa ne wasu na maye gurbi.

Akwai masu cewa a sauke fida da wuri kar ta hana su tafiya. Ba haka ba ne, raguwar tsawon yini ce ke tashin su. A bar ta sati biyu bayan ganin na ƙarshe, don na baya da suka makara su suka fi buƙata. Ƴan California da Seattle ma naku daban ne, akwai nau'in Anna da ke zama duk shekara, sai dai a kula kar ruwan ya daskare.

In kana so ka san ko da gaske sun ragu a wajenka, ware minti 15 a lokaci ɗaya, da sassafe ko gab da magariba, ka rubuta mafi yawan da ka gani tare, da kwanan wata. Ka kwatanta Agustan bana da Agustan bara, kar ka haɗa shi da Yuni. Za ka iya saka lissafin a eBird, shafin ƙidayar tsuntsaye na jami'ar Cornell, ana amfani da shi, kuma abin ba wasa ba ne domin nau'in rufus na yamma, wanda ke tafiya daga Alaska har Meziko, ya ragu da fiye da rabi tun 1970.

Kuma kar wani ya ce zai kama ya saka a keji kamar kanari, dokar Amurka ta kare tsuntsaye masu ƙaura ta 1918 ta haramta, in ka tsinci wanda ya ji ciwo ka kira masu lasisin kula da namun daji na yankinku.