Yadda Ake Sa strace Ya Yi Aiki a Kan Sabon Zubin Firosesa

Duk manhajar da ke gudana a kan Linux ba ta da ikon taɓa na'ura da kanta. In tana son buɗe fayil, ko aika saƙo ta intanet, ko neman ƙarin memori, sai ta miƙa buƙatarta ga kanel, wato zuciyar tsarin da ke riƙe da ragamar kwamfutar. Wannan miƙa buƙata shi ne kiran kanel, kuma strace kayan aiki ne da ke zaune a bakin ƙofa kamar maigadi, yana rubuta abin da kowace manhaja ta roƙa da amsar da aka ba ta. Paul Kranenburg ne ya fara rubuta shi a shekarar 1991 domin tsarin SunOS, daga baya Branko Lankester ya kawo shi Linux. Yawancin manhajoji, idan sabon zubin firosesa ya fito, sake harhaɗa su kawai ake yi su tashi. Shi strace ba haka yake ba, domin aikinsa leƙa rijistocin firosesa ne, wato ƙananan ma'ajiyoyin da ke cikin firosesar kanta, kuma kowane zubi yana da nasa rijistocin da tasa al'adar amfani da su.

Na rubuta wannan jagora ne da tunanin ɗaliban kimiyyar kwamfuta na Kaduna Polytechnic da Jami'ar Jihar Kaduna, da ma duk wanda ya san yaren C daidai gwargwado. Zan yi misali da RISC-V mai bit 64, wanda ya shiga kanel na Linux a sigar 4.15 cikin shekarar 2018. Gaskiya ne strace ya daɗe da sanin wannan zubi, kuma dalilin zaɓensa ke nan: ka goge foldarsa, ka sake gina ta da hannunka, sannan ka gwada naka da na magabata. Wanda ya yi haka sau ɗaya ba zai ɗimauce ba ranar da aka ɗora masa zubin da babu wanda ya taɓa.

Abu na farko shi ne na'urar gwaji. Allon RISC-V ba abu ne da za ka shiga Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi ka saya ba, don haka makwaikwayin QEMU ne mafita, kuma kwamfutar tafi-da-gidanka ta hannu ma ta wadatar. Sai dai a nan akwai ramin da mutane da yawa ke faɗawa. QEMU iri biyu ne: akwai wanda ke gudanar da manhaja guda ta baƙon zubi a kan kanel ɗin kwamfutarka, akwai kuma wanda ke kwaikwayon na'ura sukutum da nata kanel. Na farkon ba ya aiwatar da ptrace, wato kiran kanel da ke ba wata manhaja damar tsayar da wata ta leƙa cikinta, alhali ptrace shi ne ƙashin bayan wannan aiki, saboda haka qemu-system-riscv64 za ka ɗauka, da na'urar da ake kira virt, ka ɗora mata Debian. A kwamfutarka ta ainihi kuma ka saka gcc-riscv64-linux-gnu domin harhaɗawa a waje, tun da harhaɗawa a cikin makwaikwayi tana da nawa ƙwarai. Ka yi faifan na'urar da tsarin qcow2, ka ɗauki hotonsa da zarar komai ya daidaita, domin mu da muke Kaduna mun san ana iya ɗauke wuta a tsakiyar aiki, kuma sake sauke tsarin gaba ɗaya kuɗin data ne.

Kafin ka buɗe ko da fayil ɗaya na strace, akwai tambayoyi huɗu da ya wajaba ka amsa a rubuce: a wace rijista ake ajiye lambar kira, a waɗanne ake jera bayanan da ke rakiyar kiran, a ina amsa ke dawowa, kuma da wace alama ake gane kuskure. A RISC-V lambar tana cikin a7, bayanan suna cikin a0 zuwa a5, amsa tana dawowa a a0, umurnin shiga kanel kuwa ecall ne. A ARM mai bit 64 lambar tana x8, bayanan x0 zuwa x5, amsa a x0. A x86-64 lambar tana rax, bayanan kuma rdi, rsi, rdx, r10, r8 da r9. Ka lura da r10 ɗin nan: a kiran aiki na yau da kullum rcx ne ke ɗaukar bayani na huɗu, amma umurnin syscall yana rubutu a kan rcx, shi ya sa kanel ya kauce masa. Kada ka ɗauka cewa yarjejeniyar kiran kanel daidai take da ta yaren C. Ka nemi amsoshin a lambar kanel ɗin kanta, cikin foldar arch ta zubin, musamman fayilolin syscall.h da ptrace.h, sannan ka tabbatar da su a yadda laburaren C ke yin kiran.

Shawarata ita ce ka fara rubuta ƙaramin mai bin sawu na kanka, wanda bai wuce layi sittin ba. Uwar manhaja ta haifi ɗa, ɗan ya kira ptrace da PTRACE_TRACEME sannan ya yi execve, uwar kuma ta riƙa jira da waitpid tana sakinsa da PTRACE_SYSCALL. Ka kunna zaɓin PTRACE_O_TRACESYSGOOD tun farko, domin shi ne ke ƙara 0x80 a kan SIGTRAP, ta yadda za ka bambance tsayuwar kiran kanel da siginar gaske. Wajen karanta rijistoci, sababbin zubi irin su RISC-V da ARM mai bit 64 ba su da tsohon PTRACE_GETREGS. PTRACE_GETREGSET za ka yi amfani da shi tare da NT_PRSTATUS, ka miƙa masa wurin zubawa da girmansa. Idan ƙaramar manhajarka ta buga 64 a lokacin da ɗan ya rubuta wani abu a allo, kana kan hanya, domin 64 ce lambar write a wannan zubi, ba 1 ta x86-64 ba, ba kuma 4 ta tsohon x86 ba.

A nan ne ya kamata a dakata a yi nazari sosai, domin kowane kira yana tsayar da ɗan sau biyu, da shiga da fita, kuma waitpid ba ya gaya maka wacce ce wacce. A RISC-V rijistar a0 tana aiki biyu: ita ce ke ɗauke da bayani na farko a shiga, ita ce kuma ke dawo da amsa a fita. Wanda ya jira sai an fito kafin ya karanta bayanai zai tarar amsa ta hau kan na farkon, sai ya ga kamar manhaja ta rubuta a fayil mai lamba 6, alhali bayit 6 ta rubuta a fayil mai lamba 1. Don haka ana kwashe bayanai shida a ajiye tun a shiga, a fita kuma amsa kaɗai ake ɗauka. Wasu zubi suna da dabararsu ta nuna matakin: x86-64 yana saka -38 a rax yayin shiga, wato ENOSYS, kuskuren da ke nufin babu irin wannan kira, ya adana lambar asali a orig_rax, ARM mai bit 64 kuma yana aron x7 ya sa 0 a shiga, 1 a fita. Tun daga Linux 5.3 na shekarar 2019 akwai PTRACE_GET_SYSCALL_INFO, wanda ke ba da lamba da bayanai da matakin tsayuwa a tsari guda ga kowane zubi, kuma strace yana amfani da shi idan ya same shi. Duk da haka sai ka rubuta hanyar rijistoci, kuma a ganina samun hanyoyin biyu alheri ne, domin idan suka saɓa wa juna to ɗaya daga ciki tana da aibi, kuma wani lokaci aibin yana cikin sabon kanel ne.

Yanzu sai a shiga strace ɗin. A configure.ac akwai wurin da ake tantance sunan firosesa, a nan za ka ƙara naka. Sannan ka buɗe folda a ƙarƙashin src/linux da sunan zubin, ka kuma lissafa sababbin fayilolin a Makefile.am, in ba haka ba za su ɓace idan aka naɗe kunshin rarrabawa. Fayilolin ƙanana ne har abin ya ba ka mamaki. A arch_regs.c kana bayyana tsarin rijistocin da kuma wacce ce ke nuna umurnin da ake kai da wacce ke nuna sitak. A get_scno.c layi ɗaya ne mai ma'ana, wanda ke kwafe a7. A get_syscall_args.c layi shida ne. Duk abin da ka koya a ƙaramar manhajarka, nan za ka juye shi.

Fayil ɗin get_error.c ya fi su buƙatar hankali. A yawancin zubi, amsar da ta faɗa tsakanin -4095 da -1 kuskure ce, sai a cire alamar ragi a sami lambarsa, RISC-V ma haka yake. Amma MIPS yana nuna kuskure da rijistar a3, PowerPC ta tsohuwar hanyarsa yana kunna wani bit a rijistar sharaɗi, SPARC kuma yana amfani da tutar ɗauko. Idan ka kwafi fayil ɗin wani zubi ba tare da dubawa ba, kurakurai za su riƙa fitowa a matsayin nasara, kuma babu abin da zai faɗi ya ankarar da kai.

Teburin kiraye-kiraye yana cikin syscallent.h, inda kowane layi ke ɗauke da lamba, da yawan bayanai, da rukunin kiran, da aikin da zai fassara shi, da sunansa. Sababbin zubi sun huta a nan, domin suna bin teburin bai-ɗaya na kanel, kuma strace yana da shi a src/linux/64, sai dai ka jawo shi ka ƙara 'yan kiraye-kirayen da zubinka ya keɓanta da su, kamar riscv_flush_icache. A wannan tebur babu open, babu fork. Openat mai lamba 56 da clone mai lamba 220 ne suka maye gurbinsu, don haka kada ka ɓata dare kana neman abin da babu. Tun daga Linux 5.1 kuma sababbin kiraye-kiraye, farawa da 424, lambarsu ɗaya ce a kusan kowane zubi. MIPS nasa daban ne, domin lambobinsa suna farawa daga 4000 ko 5000 ko 6000, gwargwadon yarjejeniyar da aka harhaɗa manhajar da ita.

Inda na fi ganin ana zamewa shi ne ƙayyadaddun lambobi, waɗanda mutum ke zaton iri ɗaya ne a ko'ina. ENOSYS 38 ne a x86 amma 89 ne a MIPS, siginar SIGUSR1 kuma 10 ce a x86, 16 a MIPS. Ni kaina na taɓa kwana biyu ina zargin kanel a banza, a lokacin da ƙaramin mai bin sawuna ya riƙa nuna cewa ls yana buɗe folda da O_DIRECT a kan ARM mai bit 64. Ashe teburin tutocin da na kwafo daga x86 ne ya yaudare ni, domin ƙimar da x86 ke kira O_DIRECT ita ce ARM ke kira O_DIRECTORY, haka ma akasinsa. Abin da ya sa irin wannan ke da haɗari shi ne sakamakon yana kama da gaskiya. Haka jerin bayanan clone yake: a x86-64 na huɗu da na biyar suna zuwa da wani jeri, a ARM mai bit 64 kuma an musanya su. Teburorin ioctl, wato kiran da ake ba na'urori umurni da shi, kuwa ba a rubuta su da hannu, akwai rubutattun umurnai a foldar maint da ke tsamo su daga fayilolin kanel.

Idan zubinka mai bit 32 ne, aikin ya ƙaru. Lamba mai bit 64 tana rabuwa gida biyu, kuma a ARM dole rabin farko ya fara a rijista mai lambar cika, wato za a tsallake guda a bar ta fanko, kamar yadda ake gani a pread64. Idan kuma kanel mai bit 64 yana iya gudanar da manhajoji masu bit 32, strace yana buƙatar tebur na biyu da hanyar gane wanda yake kallo. A ARM girman da PTRACE_GETREGSET ya dawo da shi ne ke bayyana hakan.

Saura set_scno.c da set_error.c, waɗanda ke ba strace damar sauya lambar kira ko ƙaƙaba kuskuren ƙarya da zaɓin inject, domin a ga yadda manhaja za ta yi idan faifai ya cika, misali. Rubuta sabuwar lamba a rijista ba ya wadatarwa a kowane zubi, domin wani kanel ɗin ya riga ya kwafe ta zuwa wani wuri; ARM mai bit 64 sai ta NT_ARM_SYSTEM_CALL ake sauya ta.

Daga nan ka gudanar da bootstrap da configure da make, ka kai sakamakon cikin makwaikwayi, ka fara da manhajar da ke rubuta kalma ɗaya. Layin da kake nema shi ne write(1, "sannu\n", 6) = 6. Kada ka tayar da hankali idan clock_gettime bai bayyana ba, domin vDSO, wato 'yar lambar da kanel ke ɗora wa kowace manhaja a memorinta, yana amsa shi ba tare da an shiga kanel ba. Bayan haka sai make check, wanda ke ɗauke da ɗaruruwan gwaje-gwaje, kuma a cikin QEMU yana iya cin sa'o'i, saboda haka ka tayar da shi lokacin da batir ya cika ko inbata ke da ƙarfi. Yawancin gwaje-gwajen suna yin kira ne, su buga abin da ya kamata strace ya nuna, sannan a kwatanta biyun. Duk wanda ya faɗi, ka buɗe fayil ɗin log nasa a foldar tests ka ga bambancin, ka kuma duba waɗanda aka tsallake, domin tsallakewa da yawa alama ce cewa wani abu ya ɓace a kanel ɗin gwajinka ko a configure. Idan ka tabbatar laifin na kanel ne, ka rage gwajin zuwa 'yar manhajar C mai zaman kanta, ka rubuta sigar kanel da ta QEMU da ta kwamfaila a kanta, sannan ka aika wa masu kula da zubin tare da facin da kake ganin zai gyara shi.