Yadda za ka ɗumama hannunka in kana hawa dutse da sanyi

In za ka hau duwatsun Shere a Jos da asuba lokacin hunturu, fara lulluɓe ƙirji da kai tukuna, suwaita da hular sanyi, don in jiki ya ji sanyi jini janyewa yake daga yatsu. Safar hannu kuwa sai lokacin hutu, da ita ba ka jin riƙon dutse sosai.

Kafin ka kama dutsen ka wujijjiga hannuwa kamar fanka har jini ya sauko, in yatsu suka sandare a tsakiya ka cusa su a hammata ko bayan wuya, kar ka hura musu iska da baki don danshin ƙara sanyi yake wallahi. Ka taho da shayi mai zafi a fulas, kana sha kana rungume kofin.