Yadda za ka sa mashinan biro su riƙa ɗauke da fishiye iri ɗaya ba sai an yi ta yawo da kile ba

Salamu alaikum ƴan uwa. Wanga bayani na masu shagon sezi da fotokofi ne, da ƙananan biro na ƙungiyoyi, da duk wanda ke da kwamfuta biyu ko ukku a wuri guda kuma aikinsu ɗaya. Duk wanda ya taɓa zama a shagunan nan na Harobanda kusa da jami'ar Abdou Moumouni lokacin da ɗalibai ke gaggawar ajiye memuwar ya san abin da nike nufi, ɗalibi ya zo jiya an gyara mishi babi na biyu a mashin ɗin bakin ƙofa, yau ya dawo wannan mashin ɗin da mutum a kai sai a zaunar da shi a na ciki, a buɗe tsohon kwafi a ci gaba da gyara a kai, ranar bugawa kuma a rasa wanne ne na gaskiya. Kile ɗin da ake yawo da shi tsakanin mashinan shi ma shi ke kwaso birus ɗin nan mai mai da dosiye duka rakursi. Wahalar nan tana da magani kuma kyauta ne, wani lojisiyel ne mai suna Syncthing da ke daidaita fishiye tsakanin mashinai.

Wasu za su ce ai ga Google Drive. Gaskiya ne, yana ba da giga 15 kyauta, OneDrive giga 5, Dropbox giga 2, kuma in kana da konekisiyon mai ƙarfi wadda ba ta ƙarewa to ka yi amfani da su ba laifi. Amma a lura, duk fishiye sai ya hau intanet tukuna ya tafi wata ƙasa kafin ya kai ga mashin ɗin da ke gefenka taku biyu, forfe ɗinka ne ke ƙonewa, ranar da rezo ya yi nauyi kuma aiki ya tsaya cik. Shi ya sa ni Syncthing nike ba mutane shawara. Wani ɗan ƙasar Suwidin ne mai suna Jakob Borg ya fara shi a 2013, ba a biyan ko dala, ba a buɗe kont, kuma babu wani kamfani a tsakiya da ke riƙe da takardunka. Mashinan ne ke magana da junansu kai tsaye a ɓoye, in suna kan wifi ɗaya ko waya ɗaya ta rezo to ko intanet babu za su yi aikinsu. Kuma ba ya sake aika fishiye gaba ɗaya duk lokacin da anka taɓa shi, yana yanka shi gutsure-gutsure ne ya aika gutsuren da ya canza kawai.

Kafin ka sa komi, zauna ka yi shara, nan ne mutane ke gaggawa. Ka zaɓi mashin guda wanda kunka yarda shi ke da kwafi mafi inganci, ka buɗe dosiye ɗaya ka sa mishi suna misali AIKI, ka tattara komi a ciki, abin da ke sauran mashinan wanda babu shi a nan ka kwaso da hannu ka duba wanne ne sabo. Bayan haka ka kwafe AIKI ɗin nan gaba ɗaya a diski na waje ka ajiye a durowa. A sauran mashinan kuma dosiyen da zai karɓa ya zama fanko. In ka haɗa dosiye biyu masu cike da kaya masu suna iri ɗaya amma ciki daban, zai cika maka wuri da kwafi biyu-biyu ka kwana kana tsincewa. Sai agogo, ka duba awa da kwanan wata na kowane mashin su zama daidai da lokacin Nijar, tsofaffin mashinan da ƴar batir ɗin cikinsu ta mutu suna tashi da kwanan watan shekarun baya duk lokacin da kuran ya ɗauke, a canza ta, za ka ga dalili a ƙasa.

Rezo kuma ba abin tsoro ba ne. Ruta guda ta isa ko da ba a sa mata forfe ba, amma in da hali a ja waya daga kowane mashin zuwa ruta ko suwic, waya ta fi wifi sauri nesa ba kusa ba musamman ga masu aikin bidiyon biki da hotuna. Kar a sa mashinan a wifi na baƙi, galibi an yi shi ne don kar na'urori su ga juna.

Sai ka shiga syncthing.net ka sauko da shi, sau ɗaya ya isa ka raba wa sauran. Sababbin fitowarshi suna son Windows 10 ko sama, masu Windows 7 su san da wannan. Akwai na Linux da Mac. Da ka kunna shi zai buɗe shafi a cikin nabigatar, adireshin 127.0.0.1:8384, kar wannan ya ruɗe ka ka ɗauka intanet ne, shafin a cikin mashin ɗinka yake. Windows zai tambaye ka ko ya bar shi ya wuce bangon tsaro, ka ce e, kuma ka tabbata rezon biro an sa shi a matsayin na gida ba na jama'a ba, yawancin masu cewa mashinaina ba su ganin juna nan ne matsalarsu take. In mai gyaran rezonku ya tambaya, ƙofofin da yake bi su ne 22000 don aika kaya da 21027 don neman ƴan uwanshi a cikin gida. Ka sa wa shafin suna da kalmar sirri tun ranar farko tunda kowa na zama a mashin ɗin shago. Ka kuma sa shi ya riƙa tashi da kanshi in an kunna mashin, in ba haka ba sakatare za ta manta wata rana ku yi aikin yini ba abin da ya wuce.

Kowane mashin yana da lambarshi doguwa, haruffa da lambobi 56 a rukuni 8, za ka same ta a Actions sannan Afficher mon ID. A mashin na biyu ka danna Ajouter un appareil, in suna rezo ɗaya sau da yawa za ka ga lambar na farkon ta fito da kanta ka danna kawai, ka ba shi sunan da kowa zai gane kamar Mashin Ƙofa ko Na Patron. Na farkon zai nuna saƙo cewa wani na son haɗuwa da shi, ka yarda. Dole kowane ɓangare ya yarda da ɗan uwanshi, haka anka gina shi. Daga nan a mashin mai kaya ka ƙara dosiyen AIKI, ka zaɓi mashinan da za a raba wa, su kuma su karɓa su nuna inda za a zuba. Ka bar su har sai ko'ina ya rubuta À jour da kore. Ka gwada da ƙaramin fishiye, rubuta sannu a nan ka je can ka gani.

Yanzu ga abin da na fi son ku riƙe, don shi ne ma dalilin rubutun. Wanga abu kamar yaron shago ne mai biyayya da ba ya tambaya, duk abin da ya ga an yi a nan sai ya ruga ya yi a can. Ka gyara ya gyara, ka goge ya goge, wani ya buɗe faktir ɗin wata ya share rabi bisa kuskure ya danna ajiye, cikin daƙiƙu kaɗan mashin ukku duka sun ɗauki ɓarnar. Birus mai kulle takardu ya nemi kuɗɗi in ya shiga ɗaya, kullallun fishiyen ne za a raba wa sauran. To mutum ya ce ai ina da kwafi ukku hankalina kwance, a'a ɗan uwa, kwafi ɗaya gare ka a wuri ukku. Abin da zai cece ka shi ne ka kunna ajiyar tsofaffin kwafi a cikin saitin dosiyen, don a kashe take zuwa. Akwai mai kama da kwandon shara, akwai mai riƙe adadi misali kwafi 5 na ƙarshe na kowane fishiye, akwai mai hawa-hawa wanda ke riƙe da yawa na kwanan nan yana rage na da har shekara guda in ba ka canza ba. Ga takardun Word da Excel ni mai hawa-hawan nike so, ga bidiyo kuma kwandon shara na kwana 30 ya isa don kar diski ya cika. Tsofaffin suna zama a ɓoyayyen dosiye mai suna .stversions. Amma ku ji da kyau, mashin yana ajiye tsohon kwafi ne kawai in canjin daga wani mashin ya zo mishi. Abin da ka goge da hannunka a mashin ɗinka ba za ka same shi a .stversions ɗinka ba, a na maƙwabci za ka same shi, in shi ma an kunna mishi. Don haka a kunna a ko'ina, ba a guda ba.

Abu na biyu da za a kiyaye shi ne in mutum biyu sunka taɓa fishiye ɗaya kafin mashinan su gana. Ba ya iya haɗa gyaran Word biyu ya zama ɗaya, kuma ba ya zubar da na kowa. Wanda awarshi ta fi sabunta shi ke riƙe sunan, ɗayan a canza mishi suna a saka sync-conflict da kwanan wata a ciki. Ka ga inda agogo ya shigo, mashin mai kwanan watan ƙarya zai sa sabon aiki ya zama kamar tsoho. Duk ranar Juma'a ko Asabar wani ya rubuta sync-conflict a wurin nema ya ga abin da ya fito, a buɗe biyun a daidaita a goge ɗaya. Mafi sauƙi dai a yi doka a biro, kowa da ƙaramin dosiyenshi a cikin AIKI, fishiyen da kowa ke shiga kamar kundin kuɗɗin shiga mutum guda ke rubutu a ciki saura su karanta, kuma in ka gama ka rufe, kar ka bar Excel a buɗe ka tafi salla.

Akwai kuma zaɓin cewa dosiye aikawa kawai yake ko karɓa kawai. Wannan yana da amfani ga abin da patron ke so kowa ya samu amma kar a taɓa, farashi, samfurin wasiƙu, tambarin ƙungiya. Na patron ya zama mai aikawa, na saura masu karɓa, in wani ya yi canji a nashi ba zai bazu ba kuma akwai jan maɓallin da ke mai da shi yadda yake.

Tunda babu uwar ajiya a sama, sai mashin biyu suna kunne lokaci guda suke gaisawa. In kai da safe kake aiki abokinka da dare, ba za ku taɓa haɗuwa ba. Maganin shi ne mashin guda ya zauna kunne kullum kowa ya haɗu da shi. Ni tsohuwar fortabul mai batir da sauran rai nike zaɓa don wannan aikin, ko allonta ya tsage ba komi, kuran kaɗan take ci kuma in an ɗauke wuta lokacin zafin Afrilu da Mayu tana riƙewa, ruta ita ma a sa ta a ƙaramin ondilar. A ɗora ta inda iska ke shiga kuma a riƙa hure mata ƙura, hazon hunturu yana toshe fanka. In wuta ta ɗauke ana tsakiyar aika babban fishiye kar ka damu, yana rubutawa ne a fishiyen wucin gadi sai ya cika yake maye gurbin na asali, in an dawo ya ɗora daga inda ya tsaya.

Masu biro a Yamai da reshe a Tawa su ma zai yi musu, sai dai nan intanet ya zama dole kuma forfe zai ci. Dabara ita ce zubin farko kar a yi shi ta rezo, a kwafe AIKI a diski a ba wanda zai hau mota ya kai, tafiyar sama da kilomita 500 ce amma ta fi giga 80 ta kan forfe araha, a can a zuba shi sannan a haɗa, zai duba ya ga kayan iri ɗaya ne ba zai sake jawo su ba sai abin da ya canza a hanya. A cikin saitin haɗi akwai wurin taƙaita gudu don kar ya shanye konekisiyon ya hana mutane WhatsApp. Kuma ba dole a raba komi da komi ba, a ware dosiyen rahoto da na kuɗɗi a raba da Tawa, hotuna da bidiyo su tsaya gida. Wanda kuma mashinanshi duka ɗaki guda suke yana iya shiga saitin haɗi ya kashe neman duniya, wato neman mashinai ta intanet, da relay, wato mashinan waje masu miƙa kaya a tsakani, ya bar neman cikin gida kawai. Na wayar Android, na asali na masu Syncthing an daina shi a ƙarshen 2024, wanda ake amfani da shi yanzu Syncthing-Fork ne, ka sa mishi sharaɗin sai kan wifi.

Abubuwan da ba a sawa a ciki: bayanan lojisiyel ɗin kontabilite irin su Sage, da Access, da fishiyen Outlook mai ƙarewa da .pst, waɗannan kullum a buɗe suke ana rubutu a cikinsu, kwafe su a haka lalata su yake, a fitar da sobgad ɗinsu a rufe sannan a jefa shi a dosiyen. Kar kuma a raba diski C gaba ɗaya ko wurin da programu suke. A wurin keɓewa cikin saitin dosiyen, inda ake jera abin da ba a so ya aika, ka rubuta ~$* a layi guda, Thumbs.db da desktop.ini kowanne a layinshi, tarkacen Word da Windows ne, kuma sai an rubuta a kowane mashin don jerin ba ya bin sahu.

Diskin nan na durowa kuma bai gama aiki ba. Sau ɗaya a mako a jona shi a kwafe AIKI a cire a mai da shi, in da hali patron ya tafi da shi gida saboda gobara ko ɓarawo. Wani lojisiyel mai suna FreeFileSync yana yin wannan da danna biyu kuma yana nuna maka abin da zai yi kafin ya yi. Masu Linux suna da rsync tun 1996, shi hanya ɗaya yake bi daga nan zuwa can, in za ka sa mishi --delete ka fara gwadawa da -n ka karanta jerin abin da zai goge, a Windows kuma robocopy da /MIR haka yake gogewa, gwajinshi /L ne. Ka duba sau biyu wanne ne tushe wanne ne diski kafin ka danna, kuma in ka ga alamar birus a biro kar a jona diskin sai an wanke mashinan.