Yadda za ka gano tsirkiyar fiyano mai ziza, ka gyara ta

Tun da hunturu ya kama, masu kula da babbar fiyano mai kwance a majami'un Wusasa da Sabon Gari suke ta tambayata yadda za su gano tsirkiyar da ke ziza. Sau da yawa ma laifin ba na tsirkiya ba ne.

1. Kwashe duk abin da ke kan murfi.
2. Danna maɓallai ɗaya bayan ɗaya har ka kama mai zizar.
3. Sa wani ya riƙa danna shi, kai kuma ka zagaya kana dafa hinjin murfi, da ma'ajiyar takarda, har gilashin taga. Inda ka dafa ƙarar ta ɗauke, nan ne.
4. Ɗaure duk sukurun da ya saki. Iskar hunturun Zariya tana busar da katako, sai su yi sako-sako.
5. Haska tocila kan allon katakon da ke ƙarƙashin tsirkiyoyi. Ni dai fensir da kwabo na fi tsinta a can.
6. Ba ta daina ba? Yawancin maɓallai tsirkiya uku suke bugawa. Toshe biyu da guntun roba, ka saurari ɗaya.

Hattara: kada ka sa filaya a ƙusar ɗaurin tsirkiya. Kowace tana ɗauke da jan da ya kai kilo 70, in ta tsinke tana iya samun ido.

7. Duba tsirkiyoyi masu kauri na hagu, amma kada ka taɓa su da hannu, gumi yana ɓata jan ƙarfen da aka naɗe su da shi. In naɗin ya saki, ko ka ga allon ya tsage, rufe ka kira mai gyara.