Yadda ake samun lasisin ɗana tarko a jihar Niyok

Jama'a, mu da muka taso muna ɗana wa gafiya da zomo tarko a bayan gari ba mai tambayarka takarda, to a Niyok ta Amurka abin ba haka yake ba, ko kakanka ne sarkin mafarauta sai ka zauna a aji kafin a sayar maka da lasisi.

Ka fara da shiga shafin hukumar kula da muhalli ta jihar, wato DEC, ka nemi kwas ɗin masu tarko ka yi rajista. Kyauta ne, malaman ma 'yan sa kai ne, amma guraben kan cika da wuri musamman dab da sanyi lokacin da kowa ke rububi, don haka kar ka yi sanya. Akwai aikin gida da za ka gama kafin ranar, ka je da shi a hannu, in ba haka ba sai a juyo da kai. Wuni guda ake yi, a nuna maka irin tarkunan da doka ta yarda da su da yadda ake fiɗa da gyaran fata, a ƙarshe ka rubuta jarabawa a ba ka satifiket.

Inda mutane ke ruɗewa shi ne wai ai suna da satifiket ɗin farauta da bindiga. Wannan daban, na tarko daban malam. Da na tarkon za ka sayi lasisi, shi kuma shekararsa daga 1 ga Satumba take zuwa 31 ga Agusta, sai ka sabunta, amma kwas ɗin sau ɗaya ne a rayuwa.

Abin da za su fi nanata maka a aji shi ne kar dabba ta wahala, kuma gaskiya nan na sara musu. Tarko mai haƙora haramun ne, zargen waya irin namu na gida shi ma doka ta hana. Kowane tarko sai da sunanka da adireshi ko lambarka ta DEC a jiki, kuma a kudancin jihar dole ka zagaya ka duba duk awa 24, a arewa ne aka ɗaga wa wasu tarkunan zuwa awa 48. Ka ga kenan mai tuƙin tasi a unguwar Bronx ta birnin Niyok da ke tunanin zai ɗana ranar Asabar ya dawo wata Asabar ɗin, ya ma haƙura kawai.

Kowace dabba da lokacinta, ka riƙa duba littafin dokokin da suke fitarwa duk shekara. In ka kama karen ruwa ko kyanwar dajin nan da suke kira bobkat, sai an sa wa fatar hatimin hukuma kafin ka sayar. Gonar mutum kuwa ka nemi izinin mai ita kafin ka taka. Yaro ɗan ƙasa da shekara 12 zai iya rakiyar babba mai lasisi da ya yi aƙalla shekara 3 yana harkar.